Babi na Bakwai: 'Yar Ci-rani a Saman Zango

Sai da na kwana uku ina tsayawa kusa da teburinsa kafin mai naman ya tanka mini. A wani lungu ne da ba shi da nisa da babban masallacin Zangon Kwatano, inda hayaƙin masu tsire yake gauraya da na babura. Dattijo ne Ba'adare, irin waɗanda suka zo da niyyar wata uku suka share shekara talatin. Kullum yana ganina da kyamara a hannu, kaina a sama kamar mai duban watan Sallah. Ran nan dai ya ajiye wuƙa, ya goge hannu da tsumma.

"Malam, wai me ya ɓace maka a sama?"

"Baba, hoton shirwa nake ɗauka."

Ya dube ni, ya dubi kyamarar, ya ƙwalla wa maƙwabcinsa mai shayi kira ya zo ya ji abin al'ajabi. "Wai shirwa! Ɓarauniyar nan da ta hana ni sakat? Saboda ita ka tsallako iyaka?" Da suka gama dariyarsu ya koma kan namansa, yana yanka yana magana: "In da gaske kake, nan inda ka tsaya ƙeyarta kawai za ka yi ta gani. Ka dawo bayan la'asar. Ka jingina da katangar can, ka ba yamma baya. Ta nan take zuwa kullum." Ya nuna gabas maso arewa da tsinin wuƙa.

A kwana ukun nan na ɗauki hoto ya fi 500, babu ko ɗaya da zan iya nuna wa mutum ba tare da na ji kunya ba. Wani bindi kawai ya fito, wani kuma baƙin ɗigo ne a farin sama, sai ka rantse ƙuda ne ya sauka a madubin kyamara. Da na bi shawarar dattijon, a yammacin ranar na samu hoton da yake bangon wannan babi: shirwa ta ware fukafukai, ta sauko da ƙafafu, rawayan bakinta yana sheƙi, idonta tar a kan faifan nama.

Bai taɓa riƙe kyamara ba. Abin da ya sani shi ne iska, domin shekara da shekaru yana gadin namansa. Tsuntsu ba ya sauka sai ya fuskanci iska, haka ma in zai tashi, haka ma in zai rage gudu ya kawo sura. Jirgin sama ma daga nan ya koya. A Kwatano kuwa, mafi yawan shekara iska daga teku take busowa, ta kudu maso yamma, kuma ta fi ƙarfi da rana ta yi sanyi. Ke nan shirwar da ke son teburin mai nama dole ta zagaya ta ɓullo daga gabas maso arewa, fuskarta a yamma. In ka tsaya da safe ka ba rana baya, ita ma baya za ta ba ka. In ka tsaya da yamma, rana da iska duk suna bayanka, sai ta nufo ka gaba da gaba, haske ya dalle mata fuska. Sai dai a tsakiyar hunturu, cikin Disamba da Janairu, akwai safiyar da iskar arewa ke kaiwa har bakin teku. Irin wannan ranar lissafi ya juya, safiya ce taka. Kafin ka taɓa kowane maɓalli a kyamara, dubi inda hayaƙin mai tsire ya karkata.

Bari mu san wadda muke ɗauka. Shirwar da ke jewa a saman Zango ita ce dai wadda uwar kaza take wa kuka a Kano da Maradi, wadda aka ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudunta. Launinta ƙasa-ƙasa, faɗin fukafukanta ya kusa mita ɗaya da rabi, amma nauyinta bai cika kilo guda ba. Alamarta bindi: a tsage yake kamar bakin almakashi, kuma da shi take tuƙi. Ka zuba mata ido minti biyar, za ka ga fukafukan sun tsaya cak, bindin ne kaɗai ke murɗawa dama da hagu. Tamu ta Afirka bakinta rawaya ne. Akwai 'yar'uwarta ta Turai mai baƙin baki, wadda ke tsallako mashigin Jibiralta a ƙarshen damina ta zo ta ci rani a ƙasashenmu. Amma kada ka yi saurin cewa ka ga Baturiya, domin matashiyar tamu ma bakinta baƙi ne kafin ya rine.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne, 'yar ci-rani ce. Idan ruwa ya ɗauke a arewa, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai ta gangaro kudu har gaɓar teku. A nan take sheƙa, a kan dogayen itatuwa, da ƙirare da tsummoki da leda, ta yi ƙwai 2 ko 3. Idan bazara ta kawo kai, gajimare ya fara haɗuwa, sai ta bi ruwa ta koma arewa, inda fara da shinge da gina za su fito. Duk wanda ya san Zango ya san wannan kalanda. Ita ce ta samarin Tawa da Dogonduci da Sakkwato da ke cika rumfunan unguwar bayan an gama girbi, suna tallan agogo da yankan farce da turin baro, sannan a neme su a rasa da zarar an ce an yi ruwan shuka a gida. Hanya ɗaya suke bi, lokaci ɗaya, dalili ɗaya. Wanda ya zo Kwatano a watan Yuli neman hoton shirwa zai sha zama, sai dai ya haɗu da ɗaiɗaikun da suka maƙale, kamar dattijona Ba'adare.

Kuma ba banza ta zaɓi wannan unguwa ba. Zango yana tsakiyar gari, kusa da tashar jirgin ƙasan layin Parakou da tashar jiragen ruwan da kayan Nijar suka daɗe suna sauka. Inda matafiya suka taru akwai masu abinci, inda masu abinci suke akwai mahauta, inda ake fiɗa kuwa akwai hanji da huhu da ɓeraye. Ungulu ba ta jewar banza, in ji Hausawa. Shirwa ma haka.

Yanzu ga aikin hannu. Babbar matsalar tsuntsu mai tashi ita ce ba ya jiranka. Kyamara tana da wani labule a ciki da ke buɗewa ya rufe kamar ƙiftawar ido, kuma tsawon wannan ƙiftawa shi ke raba hoto garau da hoto dishi-dishi. A ce shirwa tana tafe mita 10 a daƙiƙa ɗaya, wanda a wurinta tafiyar ƙasaita ce. In ƙiftawarka 1/250 na daƙiƙa ce, irin wadda mai hoton biki yake aiki da ita, kafin labulen ya rufe ta matsa santimita 4. Idonta bai kai faɗin haka ba, don haka ya goge. In ka kai 1/2000, milimita 5 kawai za ta matsa, kuma in kana bin ta da kyamarar ko wannan ba za a gani ba. Ni daga 1/2000 nake farawa. In tana jewa a natse can sama, 1/1250 ya isa. In sura za ta kawo, ko kuwa shaho ne ya ɓullo, sai na haura 1/3200. Shaho ba sa'an shirwa ba ne: akwai irinsa da in ya dunƙule ya sulmiyo daga sama gudunsa ke wuce kilomita 300 a awa.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce. A 1882 wani likita Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ƙera wata na'ura mai siffar bindiga da ke ɗaukar hoto 12 a daƙiƙa ɗaya, don kawai ya ga yadda fiffike ke kaɗawa. Shekara biyu bayan haka, a 1884, wani Bajamushe, Ottomar Anschütz, ya ɗauki shamuwar Turai tana tashi tana sauka a sheƙarta, da labulen kyamara mai saurin da ba a saba gani ba. An ce waɗannan hotuna suna cikin abin da Otto Lilienthal ya yi ta nazari kafin ya ɗaura fukafukai ya tashi da kansa. Yau kyamarar da ɗalibi zai saya ta hannu a kasuwa ta ninka nasu sau ba adadi. Abin da ba a sayarwa shi ne haƙurin da suka yi.

Ƙiftawa mai sauri tana cin haske, don haka sai an biya ta wani wuri. Buɗe idon madubi zuwa f/6.3 ko f/8, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamarar, ya hau yadda ya ga dama. Kada ka ji tsoron 800 ko 1600. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai shara.

Sai kuma tarkon da kowa ke faɗawa: farin sama. Kyamara ba ta da wayo. In ta ga fili fari fat, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin kamar an yanka shi da almakashi daga takarda. Saman Kwatano kuwa ba kasafai yake shuɗi ba. In ba danshin teku ba, to hazo ne. Maganinsa ka ƙara haske da hannunka, mataki 1 zuwa 2 sama da abin da kyamarar ta zaɓa. Ni na fi son in kashe mata zaɓin gaba ɗaya. Ina auna hasken a jikin wani abu mai launin shirwa da rana ke duka, misali tsohon buhu ko katangar ƙasa, in kulle shi a nan. Daga nan ko ta ratsa gajimare, ko ta gifta gaban hasumiyar masallaci, ko ta sauko daidai kwanon rufi mai tsatsa, haskenta bai canja ba. Sai dai kowane minti goma a sake aunawa, domin ranar yamma ba ta tsayawa, in kuma da hazo takan shige cikinsa tun kafin ta kai ƙasa.

Saiti kuwa a bar shi a kan mai bin abu, wanda Canon ke kira AI Servo, Nikon da Sony kuma AF-C. Sababbin kyamarori, tun daga wajen 2020, har idon tsuntsu suke ganewa su liƙe masa. Abu ne mai daɗi in kana da kuɗinsa. In ba ka da shi, ba a rufe maka ƙofa ba. Madubi mai zuƙowa na milimita 300 ya ishe ka a Zango, domin shirwar nan ba ta jin kunyar mutum, har hular kanka za ta iya shafa. Masu milimita 600 na dawa ne, inda mikiya da gaggafa ba sa bari a matso.

Jikinka shi ne sauran na'urar. Ware ƙafafu, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, tafin hagu ya tallafi madubin daga ƙasa. Juyi daga ƙugu yake, ba daga wuya ba. Kama tsuntsun tun yana nesa, ka bi shi, ka bari ya cika ido kafin ka danna, kuma bayan ka danna kada ka tsaya, ci gaba da bin sa kamar mai rakiyar baƙo har ƙofa. Danna uku, huɗu, ka saki. Masu zuba hoto 100 a jere kamar ruwan ƙanƙara su ne ke cika memori, kyamara ta shaƙe daidai lokacin da shirwa ta miƙo ƙafa. Wanda bai saba ba ya fara da hankaka. Suna nan birjik a Kwatano, tafiyarsu a miƙe take, ga fari ga baƙi a jiki ɗaya, in ka iya daidaita haskensu ka iya na kowa.

Kada a manta gari ne na bakin teku. Iskarsa gishiri ce, danshinsa kuma yana sa fumfuna ta tsiro a cikin madubi kamar saƙar gizo. Duk dare a goge kaya da ƙyalle mai taushi, a ajiye a roba mai murfi tare da ƙananan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi. Wanda ya kwana a ɗaki mai na'urar sanyi kuma ya fito da kyamararsa kai tsaye, zai yi minti ashirin yana kallon raɓa a madubi.

Akwai kuskuren da na yi wanda ba na so wani ya maimaita. Da na ga wayoyin lantarki sun cika mini hotuna, sai na roƙi mai masaukina ya bar ni in hau saman benensa. Wurin ya yi kyau ƙwarai: shirwa daidai idona, wani lokaci ma a ƙasana, ina ganin gadon bayanta. Ban yi rabin awa ba na ji hayaniya a ƙasa. Ashe daga inda na tsaya ana hango tsakar gidaje uku, mata suna aikinsu, ga ƙato a sama da dogon madubi. Wa zai yarda tsuntsu nake nema? Mai gidan da ke maƙwabtaka ya hau da kansa, ransa a ɓace. "Malam, kai ba ka da iyali ne?" Ban yi musu ba, domin shi ke da gaskiya. Na ba shi haƙuri, na miƙa masa kyamarar ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Washegari sai da mai masaukina ya bi gidajen ya yi sallama ya sanar, aka sa mini lokaci, aka nuna mini kusurwar da zan tsaya. Zango unguwa ce ta Musulmi, kuma gidan mutum gidansa ne ko daga sama. Haka nan kada a juya dogon madubi wajen tashar jiragen ruwa ko barikin soja ko ginin gwamnati, a kowace ƙasa ce. Shirwa ba ta san iyakar nan ba, amma kai za a tambaya.

Wani zai ce, me zai hana a jefa mata tsoka a huta? Yaran unguwa sun kawo mini wannan shawara, har da farashi. Na gwada sau ɗaya, ta cafe a iska, hoton ya fito. Amma dattijon ya ɓata rai, kuma na gane dalilinsa: ni zan tafi da hotona, shi za a bari da shirwar da ta koyi cewa a wannan lungu hannun mutum yana ba da nama. Ban sake ba. Sheƙa ma ba na zuwa kusa da ita. In uwa ta tashi daga kan ƙwai saboda kai, hankaka yana nan yana jira. Tsuntsayen farauta kuma ba duka ke da sanyin hali ba. Eric Hosking, wanda ya yi suna a hoton tsuntsaye a Ingila, mujiya ce ta cire masa idon hagu a 1937 a bakin sheƙarta.

Ana gobe zan tafi, muna zaune a bencin mai shayi, na tambayi dattijon abin da ya daɗe yana cina.

"Baba, kwanana tara a nan, ga mahauta, ga juji, ga kifi a bakin ruwa. Ban ga ungulu ko ɗaya ba."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya ce lokacin da yake yaro a garinsu, ranar kasuwa sai ka ture ungulu da ƙafa kafin ka kai ga rumfar Sarkin Fawa. Su ne masu shara. Kafin magariba ba ka ganin ko ɗigon jini. "Yanzu kuwa in kana son ganin ta, Malam, hau zemijan, babur ɗin hayar nan, ka ce a kai ka kasuwar Tokpa. Tana can. Sai dai ba ta tashi."

Na je. Tokpa ita ce Dantokpa. A lokacin tana bakin ruwan da ya raba Kwatano biyu, kuma tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Can wani ɓangare nata ake sayar da kayan tsafi da na magani: ƙoƙon kan biri, busasshiyar hawainiya, fatar maciji, mujiya, shaho, da shirwa a jere, fukafukai a naɗe. A nan na ga ungulu ta farko a tafiyar, kai daban, gangar jiki daban. Ban ɗauki hoto ba, domin sai an biya, kuma ban ga dalilin da zai sa kuɗina su shiga wannan ciniki ba.

Wasu masana, Ralph Buij da abokan aikinsa, sun tattara ƙidayar da aka yi a kasuwanni 67 na ƙasashe 12 na yammaci da tsakiyar Afirka tsakanin 1990 da 2013. An ƙirga gawar tsuntsayen farauta 2,646, iri 52. Kashi 73 cikin 100 a Najeriya aka gan su, kashi 21 a Benin. Shirwa da ungulun gida su biyu kaɗai sun tashi da kashi 41. Kafin wani ya ce ai aikin masu bautar gunki ne, ya leƙa rumfunan 'yan magani a manyan kasuwannin arewacin Najeriya. Kan ungulu da ƙwanta da gashinta ana neman su a can, don farin jini, don kasuwa, don takara, don ciwon da asibiti ya gagara. Hannunmu dumu-dumu yake a ciki, a saye da kuma a safara.

Ungulu kuwa ba kaza ba ce. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50. Abin da aka ɗebe a kasuwa ɗaya ba ya dawowa a shekara goma. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsayen farauta a wajejen 1970, ya sake bin hanyoyin nan bayan shekara talatin da 'yan kai. Manyan ungulaye, dangin mikiya, ya tarar sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun daji. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ungulun gida a matakin da daga shi sai ɓacewa. A farkon 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawansu an same su babu kai. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya: da maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kusa share ungulayenta a shekarun 1990, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan juji suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.

Da na dawo gida na tambayi tsofaffin masu hoto da na sani, na bincika akwatunan hotunan iyali, ina neman hoto guda na ungulaye a mahautar wani gari namu a zamanin da suke cika rufin kwano. Na samu hawan Sallah, na samu angwaye, na samu alhazai a bakin jirgi, na samu sabuwar mota an jingina da ita. Ungulu ban samu ba. Wa zai ɓata fim a kan ungulu? Tana nan kullum, ga muni, ga wari. Haka ta tafi ba sallama, har yaran da aka haifa bayan shekarar 2000 suna jin "ungulu da kan zabo" ba su taɓa ganin mai kan ba.

Yau shirwa ce a wannan matsayi. Tana ko'ina, ana tsine mata, yara suna harbinta da danƙo, kuma tana sahun gaba a teburin masu kayan tsafi da magani. A 2024 wani babban nazari da Phil Shaw da Darcy Ogada suka jagoranta ya duba tsuntsayen farauta iri 42 na dazuzzukan Afirka, ya tarar 37 daga ciki suna raguwa, kuma abin ya fi muni a yammacin nahiyar. Irin wannan lissafi ba daga sama yake faɗowa ba. Daga mutanen da suka tsaya a wuri suka rubuta abin da suka gani yake fitowa. Littafin taswirar tsuntsayen Benin da Togo da Françoise Dowsett-Lemaire da Robert Dowsett suka fitar a 2019 da irin waɗannan bayanai aka gina shi. A Najeriya ma cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana tattara irinsu tun 2015, kuma yawancin masu kawo su 'yan sa-kai ne, da yawansu ɗalibai, wasu da wayar hannu kawai.

Na wanke hoton nan na farko babba, na aika wa dattijon ta hannun wani direban tirela. An ce ya manna shi a jikin rumfarsa, yana nuna wa masu sayen nama ɓarauniyarsa. A bayan hoton na rubuta abin da nake roƙon duk mai karanta wannan babi ya riƙa rubutawa, ko da waya ya ɗauka, ko da hoton bai yi kyau ba: sunan unguwa, kwanan wata, ƙarfe nawa, da tsuntsu nawa ya ƙirga a sama a lokacin. Kafin ka fita kuma ka duba agogon kyamararka, ka tabbata kwanan watan daidai yake.